Nema wa Jirgin Amare Inji

Pleasant Garden

Ina idar da sallar asuba na ɗauki a-kori-kurar maigidana na nufi gidan Kawu Bala a Pleasant Garden, kudu da Greensboro. Na yi zaton ni zan tashe shi. Ina shan kwana sai ga shi tsaye a bakin gareji, rigar sanyi a kan jamfa, filas ɗin shayi a hammata, tocila a hannu.

"Uwata, kin makara," ya ce.

"Kawu, ko zakara bai yi cara ba."

"Zakaran ƙasar nan malalaci ne. Mu tafi."

Kawu Bala ƙanin mahaifiyata ne. Sunan kakata na ci, Hauwa, shi ya sa tun ina yawo ba zane yake ce mini Uwata. Karatu ya kawo shi Amurka tun kafin a haife ni, ya yi aiki a masana'antar kujeru har ya yi ritaya. Amma duk wani Bahaushen Greensboro da za ka tambaya, ba da karatu ko kujeru zai kwatanta maka shi ba. Cewa zai yi mai Jirgin Amare.

Ku da ke gida, ku ɗauko tsohuwar motar Amurka ta shekarun saba'in a ranku, launin madara, doguwa, faffaɗa, ƙarfe zalla, nauyinta ya haura tan biyu. Kujerar baya kaɗai takan ɗauki amarya da gwaggwanni uku ba wadda ta taka zanen wata. Kawu ya saye ta a hannun wani tsohon maƙwabcinsa lokacin da ba mai kallonta. Wata shekara aka rasa motar kai wata amarya 'yar Kumasi, ya ce a kawo ta. Daga ranar aka ɗora masa. 'Yar Kano, 'yar Maraɗi, 'yar Jos da aka ɗaura wa aure a coci, duk a cikinta aka kai su, kuma shi yake tuƙawa, domin bai taɓa barin kowa ya riƙe sitiyarinta ba. Ni ma a cikinta aka kai ni.

To, a ƙarshen hunturun bana, yana dawowa daga masallacin Juma'a, injin ya buga. Malam Isufu, bakanikenmu ɗan Damagaram, ya buɗe shi ya duba ya rufe, ya ce, "Alhaji, wannan ya gama aikinshi hwa. Sai dai wani." Abin da ya sa maganar ta tsaya wa kowa a rai shi ne, saura wata biyu da 'yan kwanaki bikin Safiya, 'yar Kawu ta fari. Mutumin da ya kai 'ya'yan kowa, a ce tasa 'yar za a kai a motar haya. Ni dai na ce ba da ni ba.

Malam Isufu ya samo mana wurare uku da ake sayar da inji. Ya ce wa Kawu mota mai nauyi irin wannan ba gudu take nema ba, inji take so mai ƙarfi tun daga ƙasa, wanda zai ja ta tana rarrafe bai yi zafi ba. Kawu ya ƙara da tasa dokar, wai da sanyin safiya ake jin gaskiyar inji, kafin mai shi ya ɗumama shi ya rufe masa asiri. Dokar nan ce ta raba ni da barcin asuba. Idanunsa kuma sun fara gajiya da doguwar hanya, don haka ni ce direba.

McLeansville

Zangon farko bai da nisa. Mun ratsa gefen gari muka yi gabas, gidaje jefi-jefi, gonaki, raɓa a kan ciyawa. Gari na wayewa muka isa wani filin 'yan gwangwan, matattun motoci jere har inda ido ya ƙare. Da na ga wurin sai Fantekar Kaduna ta faɗo mini, sai dai nan ba mai jan hannunka yana cewa Hajiya me kike nema.

Mai wurin wani ƙato ne mai jan gemu, kofin kofi a hannu. Ya kai mu gaban wata motar iyali da aka daka ta baya. Kafin ya sa mukulli Kawu ya ɗaga masa hannu, ya buɗe bonet, ya ɗora bayan hannunsa a kan injin yadda uwa ke taɓa goshin yaro. Sanyi ƙalau. Sannan ya ce a tayar.

Injin ya tashi lafiya, ba hayaƙi, ba kakari. Silinda shida ne. Mai jan gemu ya shiga yabonsa, wai ba ya shan mai, wai zai kai mu bakin teku mu dawo da tanki ɗaya, ga araha.

"Mata nawa zai ja?" Kawu ya tambaye shi da Turanci.

"Mata?"

"Manya. Biyar. Da akwati a but, da na'urar sanyi a kunne, a hawan tudu."

Mutumin ya dube ni ko zan fassara masa Turancin da Turanci. Na ce masa ya yi haƙuri, tambayar da gaske ake yin ta. Ya sosa gemu ya tambayi nauyin motar. Da ya ji, ya yi dariya ya ce gaskiya injin zai ja, amma zai riƙa kuka yana ja.

A mota na ce, "Kawu, ai da ka tsaya ka yi tunani. Ga shi kusa da gida, yau ɗin nan Malam Isufu zai fara aiki."

"Araha ba ta ado, Uwata. Kina so Gwaggo Lami ta sauka ta tura?"

Na tuna girman Gwaggo Lami, wadda ba a kai amarya ba ita, na bar maganar. Muka karya da shayin filas da dambun naman da Anti Rabi, matar Kawu, ta ƙulle mana, muka juya yamma.

Mooresville

Daga nan muka hau babbar hanya, muka wuce Winston-Salem, muka kai Statesville, muka karya kudu. Wajen awa biyu muka yi. Ba shinge, ba mai leƙo kai ya ce a ba shi na ruwa. Ɗan sanda ɗaya muka gani a laɓe bayan bishiyoyi, Kawu kuwa tun daga nesa ya fara taka burkin da babu a gefensa. Haka ya yi mini duk tafiyar. In na yi sauri ya ce sauri ya haifi nawa, in na rage ya ce ko barci nake ji. Na ce masa in ya ƙara sai na sauke shi ya hau bas. Ya ce uwa ba ta yar da ɗanta a hanya.

Mooresville garin masu tseren mota ne, ko'ina ka duba gareji. Wanda muka zo wurinsa saurayi ne mai fara'a, zanen tawada har wuya. Garejinsa ya fi kicin ɗina tsabta, na faɗi gaskiya ko da ta yi mini ciwo. Injin yana kan wata tsayuwar ƙarfe a tsakar ɗaki, ja, yana ƙyalli, silinda takwas, an haɗa masa batir da tankin gwaji.

Kawu ya ɗora bayan hannu. Ya waiwayo ya ce mini da Hausa, "Da ɗumi. Ya riga mu."

Saurayin ya miƙo mana abin toshe kunne. Na ɗauka tsiya ce, ban saka ba. Da ya tayar da abin nan, wallahi sai da na ji ƙarar a haƙorana. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, wani kare a waje ya arce. Shi kuwa sai murmushi yake, yana ƙara masa wuta yana nuna mana agogunan da ke jiki. Da ya kashe, na daɗe ina jin ƙudan zuma a kunnena.

Ya ce in aka sa wa motarmu wannan, kafin ka ƙirga biyar ta kai gudun babbar hanya.

Kawu ya ce, "Mu tafiyar saniya muke yi."

"Jana'iza kuke kaiwa?"

"Amarya."

Saurayin ya ce ai shi ke nan ma, kowa a unguwa zai san amarya ta iso. Kawu ya girgiza kai. Ya yi masa bayani a hankali, cewa a wurinmu daga gidan uba zuwa gidan miji, a cikin motar nan ne manya ke yi wa yarinya maganar ƙarshe. Ki yi haƙuri, ki riƙe sirri, ki tuna daga gidan da kika fito. A hankali ake faɗa, ita kuma tana kuka. In inji ya fi su murya, an kai ta ba guzuri ke nan.

Ina tsaye sai na tuna tawa ranar. Ban riƙe rabin abin da gwaggwannina suka faɗa ba, amma na riƙe Kawu a gaba, hularsa a miƙe, idonsa a kan hanya tun daga ƙofar gida. Da kukana ya yi yawa, ya miƙo hankici ta kan kafaɗa bai waiwayo ba. Ina son mutumin nan ƙwarai, ko da yake rabin maganarmu faɗa ce.

Saurayin ya yi mana kirki, ya ce kuma injin nasa ba ya son zama a silo, in aka daɗe ana rarrafe zai tafasa lagireto. Ya raka mu har mota ya ce a gaida amarya. Muna fita Kawu ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Wilkesboro zuwa Boone

Inji na uku yana can kan duwatsu, a wata gona bayan West Jefferson. Da za mu iya isa da la'asar, amma dokar Kawu ta ce sai da safe, don haka muka shirya kwana a Boone.

A Wilkesboro muka tsaya cin rana a wani ƙaramin gidan abinci. Duk wanda ya zauna a kudancin ƙasar nan ya san alade ba a faranti kaɗai yake ba, har cikin ganye da wake ake ɓoye shi. Na tambayi matar da ke kawo abinci koren waken nan fa, ta ce da shi. Ganyen fa, da shi. Waken gwangwani, ta ce 'yar uwa, shi ma. Muka ƙare da soyayyen kifi da burodin masara. Kawu ya ci ya ce da da ɗan yaji da an yi abinci, sai ya zaro ƙullin yaji daga aljihun jamfa. Muka yi azahar a gefen wurin ajiye motoci, muka kama hawa.

Hawan nan ba wasa ba ne. Hanya tana ta nannaɗewa, kunnuwa suna toshewa, iska tana ƙara sanyi ko da yake watan Mayu ne. Kawu yana ta sauraron injin a-kori-kurar yadda yake ja, har ya ce, "Ba laifi," wanda a bakinsa babban yabo ne.

A Boone muka sauka gidan Mama Saratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa, da mijinta Baba Yohanna. Shekarun baya Jirgin Amare ne ya ɗauko 'yarsu daga coci a Greensboro. Tun daga bakin ƙofa take faɗa.

"Alhaji, wato sai inji ya mutu ake tunawa da mu!"

"Mama, ai ko yanzu ba don ke na zo ba, don gwate na zo."

Ta kuwa yi shi, gwaten acca da yakuwa, da kaza. Ta ɗauko wata darduma daga kabad ta shimfiɗa a falo, ta ce tun zuwan Kawu na farko ta saye ta, kuma har yau ba ta manta ina ne gabas ba.

Muna cin abinci bayan magariba wayar Kawu ta yi ƙara. Safiya ce, ta bidiyo. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa sai in tana neman wani abu.

"Daddy, an samu? Please ka ce an samu."

Kawu ya miƙo mini wayar kamar ta ƙone shi. "Gaya wa 'yar'uwarki ana kan nema."

Tun da nake ban taɓa jin ya kira sunanta ba. 'Yar fari ce, kunya yake yi mata irin ta mutanen da, ko a Amurka bai bari ba. Na ce mata saura guda gobe. Ta ce, "Yaya Hauwa, tell him shi zai kai ni fa. Ya kai kowa."

"To wa zai kai ki in ba shi ba? Wa ya isa ya taɓa masa mota?"

Na san a gida uba ba ya cikin 'yan kai amarya. Amma na ɗauka wannan ta faɗi da kanta, tunda motar ba ta da direba sai shi. Kawu bai ɗago daga kwanonsa ba. Baba Yohanna ya dube shi, ya tura masa kwanon kaza gabansa.

Gonar Mista Grady

Da sassafe muka fita, hazo ya rufe kwari. Bayan West Jefferson muka bar kwalta muka hau tsakuwa, tsakanin tuddai da aka shuka wa itatuwan Kirsimeti layi-layi. Mista Grady, mai gonar, tsoho ne siriri mai hular kaki. Ya ce tun jiya ya so ya tayar da motar ya gani, amma an gaya masa mai zuwa ba ya son haka, ya ce shi ma da shi ne ba zai so ba. Nan take suka gane juna.

Ya ja ƙofar wani babban rumbun katako. Sai ga 'yar'uwar Jirgin Amare, uwa ɗaya uba ɗaya, koriya, tsatsa ta cinye mata gindi. Ta yayansa ce da ya rasu. Jikin ya gama, amma ya ce duk wata yakan tayar da injin ya canja masa baƙin mai a kan lokaci. Kawu ya buɗe bonet ya haska tocila. Irin nasa ne sak, babban silinda takwas mai kafireto. Ya taɓa, sanyi kamar randa.

Ya shiga ya zauna. Ya taka totur sau biyu har ƙasa, ya ɗaga ƙafa, ya jira kaɗan yana motsa baki, ya murɗa mukulli, yana jin tarin farko ya ɗan taɓa totur da kan yatsan ƙafa. Injin ya kama. Murya ce mai kauri, a ƙasa-ƙasa, wadda na sani tun ina budurwa, ba ta hana a ji magana. Fuskar Kawu ta washe yadda ban ga ta yi ba tun ranar da nasa ya buga. Ya kira Malam Isufu ya miƙa wayar ta taga wajen injin, muna jin ihunsa daga can.

"Wala! Shi ne, Alhaji! Kwana huɗu na ɗaura maka shi, ko ƙusa ba a canzawa!"

Na ce alhamdu lillahi, da tsohuwar zuma ake magani, a yi ciniki mu kama hanya. Kawu ya bar shi ya ɗan yi aiki, ya kashe. Ya fito ya riƙe ƙofar.

"Uwata, zo ki tayar."

"Ni kuma? Don me?"

"Zo dai."

Na shiga. Na yi duk yadda na ga ya yi, totur sau biyu, jira, mukulli. Injin ya yi ta juyi bai kama ba. Na sake. Ya yi tari ɗaya ya mutu. Na uku na taka da haushi, sai warin fetur ya cika rumbun. Mista Grady ya ce ta shaƙe da mai, sai a bar ta ta huce.

"Ai yadda ka yi na yi!" na ce.

"Wancan na sanyi ne. In ya ɗan yi ɗumi ba a taka masa sau biyu, rabi ake yi. In ya yi zafi sosai kuma wani hali ne daban. In an yi ruwa ma haka." Ya faɗa yana shafa kwanon motar, kamar mai ba da labarin ɗan da ya shagwaɓa.

"To shekara nawa mutum zai yi kafin ya koya?"

"Ni dai ban gama ba."

Muna jira ta huce ya fita yana zagaya tsakar gonar, hannuwa a baya. A bayan rumbun akwai wata babbar a-kori-kura ta zamani, itace ya faɗo mata a baya ya lotsa ta har ƙasa, gaban kuwa ko ƙwarzane babu. Mista Grady ya ce tasa ce, da ita yake jan tirelar itatuwa yana sauka da su gari. Kawu ya tambaya ko tana tashi. Ya ce tun da abin ya faru bai taɓa ta ba, amma ga mukulli, ga batir.

Kawu ya karɓa ya miƙo mini. Na harare shi, na shiga ta ƙofar da ke buɗuwa, na murɗa. Ko gama murɗawa ban yi ba injin ya tashi. Ya ce in kashe in sake. Na sake, ya tashi. Sau huɗu yana sa ni. Injin kuwa shiru yake aikinsa, sai ka matsa za ka ji shi.

Kawu ya buɗe bonet. Silinda takwas ne shi ma, amma duk roba da wayoyi, ba kafireto, kwamfuta ke ba shi mai. Irin injin da Kawu ya shekara ashirin yana zagi ke nan a gabana, wai ba ya jin maganar mutum sai ta na'ura. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sake kiran Malam Isufu.

"Zai ja ta?"

"Ja kam zai ja, Alhaji, na jan kaya ne, ƙarhinshi daga ƙasa yake, kuma ko wuni za a yi ana rarrahe ba ya zahi. Amma sai an taho da giyabos ɗinshi da kwamfuta da wayoyi duka, in yi sabbin ƙahwahu, in canza famfon mai. Sati uku ban ɗaga kai ba. Mi ya yi zahi? Ga naka na gado a gabanka. Kai da ka ce..."

"Na san abin da na ce. Za ka gama kafin biki?"

Malam Isufu ya ce, "Dakor, na yarda. Amma kar a yanke mini waya ko ɗaya."

Mista Grady bai yi musu ba, ya dai tambaya me ya sa ba wancan ba. Kawu ya ce wancan ubangida ɗaya ya sani. Mista Grady ya kira maƙwabcinsa, suka zo da tarakta da sarƙa, Kawu ya tuɓe jamfa ya shiga cikinsu. Sai bayan la'asar aka sauke injin da giyabos a kan tsofaffin tayoyi a bayan motarmu, aka ɗaure, aka rufa tampol. Kafin mu tashi Kawu ya koma rumbun shi kaɗai. Na ji ya tayar da tsohon injin, ya bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci, ya kashe ya fito.

Hanyar gida

Saukowa da nauyi a baya sai a hankali, ƙaramar giya, ƙafa a kan burki. Cike nake da shi har muka kusa Wilkesboro. Gani nake don na kasa tayar da wancan ne ya bar abin da ransa ke so.

"Kawu, in don ni ce ka yi wannan, ka yi asara. Ina ruwana da iya tayar da ita? Ai ba ni zan tuƙa ba."

"Ke za ki tuƙa."

Saura kaɗan in bar hanya. "Me ka ce?"

"Dubi gabanki. Ranar akwai tsaye-tsaye, a kashe a gidan hoto, a tayar, a kashe a ƙofar gidan ango kafin su buɗe. In ta shaƙe miki da amarya a ciki fa, ga motoci a baya?"

"To kai kana ina?"

"Ina gida. Uba ba ya kai 'ya."

"Kawu, nan Amurka ce! Iyaye a nan da hannunsu suke riƙo 'ya'yansu a gaban jama'a. Yarinyar nan da bakinta ta ce kai take so. Ka kai ta kowa!"

"Na kowa na kai."

Na yi faɗa daga nan har Winston-Salem. Na kawo masa hujja ta addini, ta zamani, ta tausayi. Ya bar ni na gama, ya zuba shayin da ya rage ya miƙo mini murfin filas. Ko burkinsa na ƙarya bai ƙara takawa ba.

Ana kiran magariba muka shiga Greensboro. Malam Isufu yana jiranmu a garejinsa, inda aka riga aka jawo Jirgin Amare. Ya ɗaga tampol ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce mutanen dutse sun iya aiki. Allah ya saka masa, shi da Mama Saratu da Baba Yohanna da suka ba mu masauki, da tsohon nan Mista Grady da ya ɓata wuninsa a kanmu, da maigidana da ya ba da mota bai tambayi yaushe za ta dawo ba. Mun je lafiya mun dawo lafiya, godiya ta tabbata ga Allah.

Na mayar da Kawu Pleasant Garden. A ƙofar gida na kashe mota na ce, a hankali wannan karon, "Kawu, don Allah. Al'ada ce kawai?"

Ya ciro mukullin Jirgin Amare daga aljihu, ya daɗe yana juya shi, sannan ya sa mini a tafin hannu.

"Zuwa zan iya, Uwata. Dawowar ce ba zan ga hanya ba." Na gane ba tsufan ido yake nufi ba.

Malam Isufu ya cika alkawari. Ranar biki na ɗauki Safiya da gwaggwanni huɗu, ta yi fushinta ta yi kukanta, aka yi mata nasiha tun daga ƙofar gida, ba kalmar da ban ji ba. Da na dawo da motar na iske Kawu a gareji da tsintsiya.

"Ya inji?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ya kai ta lafiya, Kawu."

"Madalla," ya ce. Ya ci gaba da sharar wurin da ba datti.